Ƙullin da na ɓoye a cikin takalmi

Shekaru sun ja da faruwar abin nan, har jikokin da aka haifa bayansa sun shiga lakwal, makarantar boko ke nan, amma ban taɓa ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba. Wanda duk ya tambaye ni sai in ce mashi ciwon sukari ne, kuma ban yi ƙarya ba. Sai dai akwai saura, kuma sauran nan hannuna ne ya yi shi.

Ni mace ce mai son zaman gida, tun ina budurwa haka nake. A ba ni inuwar bedi, itacen dogon yaron da ke tsakar gidanmu, da tabarma, da zare da allura, da wanda zai zauna in yi ta zuba mashi surutu, to an gama mani komai. Kasuwar Dakoro da mutane ke yo mata tattaki daga nesa, ni sai in yi wata uku ban leƙa ta ba, amma duk abin da aka yi a cikinta kafin la'asar ya iso kunnena. Aji huɗu na tsaya a lakwal. Abin da na iya shi ne surfani: zanen gado, rigar matashi, hular jarirai. Mahaifiyata ce ta koya mani, Allah ya jiƙanta. In na gama aiki na kai mata, ba ta tsayawa kallon furen. Tafin hannu take sawa ta shafa fuskar aikin, in ta ji ƙulli ko guda ɗaya sai ta miƙo mani reza in warware. A wurinta ƙulli mazauninsa ciki, inda ido ba ya kaiwa. Da wannan na tashi, da shi na tsufa.

Bayan rasuwar maigidana na fara yawan ƙishirwa da rama. Aka kai ni likita, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya soki yatsana ya duba jini, ya ce sukari ne. Na riƙe magani, na bar shayi, ina ta mita. Can sai ƙafafuna suka fara yi mani wani iri, kamar na sa safa alhali ban sa ba. Autata, wadda ke koyarwa a Maraɗi, ta zo hutu, muna zaune ta hango ƙayar aduwa a dugadugina. Ta shige har rabi, kuma da ita a ƙafa na wuni ban sani ba. Washegari ta tasa ni gaba sai wurin majo.

Ya sa na rufe ido, ya ce zai riƙa taɓa tafin ƙafata da wani siririn abu, in na ji in faɗa. Ni kuwa ban ji komai ba, amma ina jin motsin hannun rigarsa. Duk sanda rigar ta yi ƙara sai in ce na ji. Sau huɗu ina cin jarrabawa. A na biyar ya motsa rigar kawai bai taɓa ni ba, na ce na ji. Autata ta kwashe da dariya, shi ma ya yi, ni ma na taya su. Da dariyar ta lafa ya ja kujera kusa da ni.

"Hajiya," haka yake kirana ko da yake ban je ba, "ƙafar nan ta daina ba ki labari. Daga yau idonki da hannunki ne za su yi gadinta."

Ya ce in bar silifa, in sa takalmi rufaffe mai laushi, da safa. In riƙa ɗan tattaki kowace safiya. Kafin in sa takalmi in zura hannu ciki in lalube, da maraice kuma in duba ƙafar da madubi. Ya ce ya sha ganin ƙafa ta tafi a kan ƙwarzanen da bai kai na kaza ba. Na ce to, na ce Allah ya kiyaye, hankalina yana kan miyar da na baro a wuta.

Da autata ta koma sai ga saƙo a mota: basket, irin wanda ƴan Najeriya ke ce wa kambas. Fari fat, na yadi, ba nauyi, ta ƙara lamba ɗaya don kada ya matse ni, ga safa ƙafa uku. Ranar farko na ɗaura zane, na zura hijabi, na sa basket, na fita. Hanyar kuwa dole ta bi ta ƙofar gidan taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda muka tashi tare. Ni da ita ba mu san gaisuwa ba sai tsiya. Tana tsaye bakin fanfo da wasu mata, ta dube ni tun daga ƙasa har sama.

"Kapitan, ƙarfe nawa za a buga balon?"

Na ce mata in dai ƙwallon ce, mai tsaron gida muke nema, mai faɗin da zai toshe raga, ta je ta yi shiri. Matan suka yi ta dariya har wata ta zubar da ruwanta. Na wuce ina taku kamar na ci nasara, amma a ciki abin ya sosa ni. Mace da jikoki, da takalmin samari. Kafin mako ya zagayo duk unguwa Kapitan ake ce mani. Kwana huɗu na yi ina fita, a na biyar na maida basket cikin kwalinsa na tura ƙarƙashin gado. Kullum da maraice autata sai ta kira ta tambaya ko na yi tattaki, in ce na yi. Ita ma kunnen nawa ta gado, labari ya riga ya kai mata. Wata rana a salula, wayar hannu, sai ta ce ita ba abin da take roƙo a wurina sai in riƙe mata ƙafar nan.

Maganar ta tsaya mani. Na jawo kwalin, na zauna ina kallon takalmin, sai na ga ai yadi ne. Fari kuma, kamar zanen gadon da ba a taɓa ba. Na ce tunda kunyar takalmin maza nake ji, bari in maida shi na mata.

Zaren surfani ya hau yadin lafiya, da basilla nake hudawa. Amma da na zo kan ƙananan duwatsun ado, irin masu ruwan zinariya, sai zaren ya riƙa tsinkewa. Na aiki surukata, matar ɗana da muke gida ɗaya, ta sayo mani zaren nilon irin na masu gyaran takalma. Shi kuma nilon ƙarfi gare shi amma ba ya riƙe ƙulli, kana ɗaurewa yana zamewa. Sai na tuna yadda na ga mai gyaran takalma yana yi: in ya ƙulla sai ya ƙona bakin zaren, ya narke ya daskare. Ashana za ta ɓata mani farin yadi, don haka na yi dabara. Na zare igiyar takalmin, na ɗaga harshensa, in kunna tsinken tsintsiya a garwashi in zura ciki in ɗan taɓa bakin ƙullin. Nan take sai ya dunƙule, baƙi, kamar ƙwayar gero, ya yi tauri. Har yabon kaina na yi a kan wannan dabara.

Kwana tara na yi a kansu. Jajayen furanni a gefe, irin na zanen gadon aurena, da korayen ganye suna bin su har dunduniya, duwatsu kuma sun kewaye gaban kamar an yi mashi sarƙa. Igiyar ma na cire, na kitsa wata da zare kala uku. Da na hagu na fara, lokacin hannuna bai saba ba, shi ya sa ƙullinsa suka fi yawa suka fi girma. Kuma duk a ciki suke. Ka shafa wajen takalmin nan da tafin hannu ba za ka ji ko ɗaya ba. Da mahaifiyata na raye da ba ta miƙo mani reza ba.

Kada ku ce ban zura hannu ba, na zura. Na ji su sarai, tsiri-tsiri a ƙarƙashin yatsana. Amma ni tsakuwa da kunama majo ya sa a kaina, abin da ya shigo daga waje. Waɗannan kuwa aikina ne. Lalubensu nake ina jin daɗi sun kama da kyau. Ɗinkin kuma ya ɗan tsuke yadin, in na sa safa sai takalmin ya matse, ga shi safar tana ɓata mashi kyau. Sai na ajiye safa.

Da na fita da su taubashiyata ta buɗe baki za ta yi magana, ta rufe. Ta duƙa ta duba, ta shafa, ta miƙe. Daga ƙarshe dai ta ce yau Kapitan amarya ce, kuma ko ana so ko ba a so sai na yi wa ɗiyarta irinsa. A rayuwata ban taɓa rufe mata baki ba sai ran nan. Mako guda ina ɗan zagayena na safe, gajere ne, ba abin da ya faru. Ni da ba na son fita, sai ga ni ina ƙara layi ɗaya don matan can ma su gani.

Sai bikin ɗan taubashiyar tawa ya taso, a Kornaka za a ɗauko amarya, kwana uku. Da can da na kawo dalili na zauna gida na aika da gudummawa. Wannan karo ni ce farkon shiga mota. Kamar kowace mace na sha lalle, an zuba mani shi har gefen ƙafa da kan yatsu, ya kama ya yi baƙi-baƙi da ja. Madubin majo kuwa na bar shi a kan taga.

A can ni aka ɗora wa ɗanɗanon miya, ina kai da kawowa tsakanin gidan da ake girki da gidan da aka sauke mu, cikin rairayi mai zafi, tun safe har rana ta faɗi. Ko'ina na bi sai a kira ni, zo ki nuna wa wance. Ƴan mata suna ɗaukar ƙafata hoto da salula. Ba na cire takalmin sai in zan yi alwala da salla, ina sallamewa in maida, don kada wata ta ce bari ta gwada. Ina wanke ƙafar sau biyar a rana ban ga komai ba. Ja a kan lalle, wa zai gani.

Rana ta biyu taubashiyata ta nuna mani wani tabo a kan na hagu, daidai gindin babban yatsa. Ta ce jan zarena yana zuba. Na duba, ga shi nan kuwa ya ɓata farin yadin. Na yi ta faɗa da mai zaren da ba ya nan, na ce ya cuce ni, har na yi alkawarin zan aika a gaya mashi. Na samu sabulu na goge wurin, na maida takalmin da danshinsa na koma bakin tukunya. Har yau in na tuna ina zagin bawan Allah a kan jinina, sai in rasa inda zan sa kaina.

Mun dawo Dakoro da zazzaɓi a jikina. Na ce gajiyar biki ce, na kwanta kwana biyu. Surukata ce tana shara ta lura ƙudaje sun bar ko'ina sun taru a ƙafata. Ta ɗaga ta juya ta wajen haske, na ji numfashinta ya canza. Rami ne a gefen babban yatsa, ƙwayar gyaɗa za ta shige. Ba zafi, ko kaɗan. Ta ce bari ta kira autata, na hana ta, har da rantsuwa na haɗa ta. Don in an kira sai an tambayi safa, in an tambayi safa sai an zo kan ɗinki. Na sa ta daka mani bagaruwa, na barbaɗa, na ɗaure da tsumma. Kwana bakwai ina wannan. Kwana bakwai ɗin nan su ne nake juyawa a raina fiye da komai.

Taubashiyata ta shigo da sallamarta ta tsiya, tana tambaya ko Kapitan ta yi ritaya ne. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ta. Ta kwance tsumman, ta duba, ta maida, ta fita ta nemo mota.

Majo ya wanke wurin ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi takalmin da nake sawa. Surukata ta koma gida ta ɗauko. Ya zura hannu a na hagu, ya zaro da sauri, ya dubi yatsansa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Kun san abin da ya fi ba ni kunya? Da ya yi tambayar, daɗi ne ya fara zo mani, irin wanda na saba ji in an tambaya. Na ce ni ce. Ya juya takalmin a hannunsa, ya ce gaskiya bai taɓa ganin mai kyansa ba. Sai ya ajiye shi a hankali, ya ɗauki takarda ya rubuta a kai ni Maraɗi a ranar.

Autata tana tsaye bakin ƙofar asibiti muka iso. Na shirya wa faɗanta tun daga hanya, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta riƙe hannuna kawai, ta gyara mani hijabi. Aka cire babban yatsan. Na ce to, yatsa ɗaya, saura tara, har na yi wa masu jinya raha cewa lallen salla zai yi mani sauƙi. Kullum ana pansama, a wanke ciwon a sake ɗaurewa, kullum ina kallon fuskar mai yi, don ita ce madubina. Mako uku baƙin ruɓa yana hawa ƙafar a hankali kamar ruwa a jikin bango.

Wata safiya na ji lokotoro, babban likitan da ke duba ni, yana magana da autata a baranda, da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa. Faransancina na aji huɗu ya daɗe da tafiya, amma sunayen gaɓoɓin jiki da aka sa mu haddacewa suna nan. Na ji ya ambaci gwiwa, sau biyu. Ta daɗe ba ta shigo ba. Da ta shigo fuskarta a wanke take, tana neman ta inda za ta fara. Na ce bari in rage mata aiki.

"Sama da gwiwar ko ƙasa?"

"Ƙasa, Inna."

Nan na gaya mata komai, safar, da tsinken tsintsiyar, da kwana bakwai. Ta saurara har na gama. Sai ta ce laifinta ne, da ta tsaya ta zaɓo mani mai launi, na mata, da ban taɓa shi ba. Ta ce ta gan su a shagon, ta ga farin ya fi laushi. Na ce ta bar wannan magana. Ba ta bari ba, har yau.

Bayan wata biyu aka maido ni gida da sanduna biyu. Ƙafar dama tana nan, kuma tana buƙatar takalmi. Na sa aka shimfiɗa mani tabarma a gindin bedi, aka kawo mani na daman da reza da ƴar tasa. Na bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya ina yankewa, duwatsun suna zuba cikin tasa. Aikin kwana huɗu, kafin azahar na gama da shi. Ya koma fari, sai hudojin basilla da suka rage, in ka kai ido kusa za ka ga inda furannin suka zauna. Shi na sa har ya mutu. Tun daga nan duk shekara autata sai ta aiko da sabo, kuma ba a sayar da takalmi ƙafa ɗaya. Na hagun suna nan ƙarƙashin gado, sababbi, an jera su.

Mutane suna ce mani ƙaddara ce, na kuma yarda, ba na jayayya da abin da Allah ya rubuta. Amma yarda ba ta hana ni lissafin tsinken tsintsiyar nan. In kuna da mai sukari a gida, ku zura hannunku cikin takalminsa da kanku, kada ku tambaye shi, don zai ce maku ya duba. Iyakar abin da zan iya ba ku ke nan. Ni ban fito da wani haske daga cikin abin nan ba. Da ina zaman gida don ina so. Yanzu zaman ne dai, inuwar ce dai, amma ba ɗaya ba ne. Ina zaune ina jin takun mutane a bayan katanga, na san na kowa, na san mai sauri da mai jan silifa, na san wanda zai shigo da wanda zai wuce. Surfani ina taɓawa, hular jarirai kawai, kuma sai na juya cikinta na goga a leɓena kafin in ba da. In na ji ƙulli, waje nake fiddo shi. Matan suna cewa hannuna ya lalace. Ba na yi masu bayani.

Taubashiyata tana zuwa kullum bayan la'asar. Ta yi sallama, ta tambayi jiki, ta tambayi kwana, ta zauna a gefen tabarma kamar baƙuwa. Shekara hamsin muna zagin juna, yanzu sannu take ce mani. Na tsokane ta ta kowace hanya, na ce ta yi ƙiba, na ce miyarta ba gishiri, sai ta yi murmushi ta ce haka ne. Wata rana na gaji na ce don Allah ta kira ni da sunan nan ko sau ɗaya. Ta buɗe baki, ta kai rabinsa, muryar ta ƙi. Ta tashi ta ce ta bar wake a wuta.

Wancan na hagun, na ainihin, yana cikin kwaba tare da kwanonin aurena. Na sha cewa a jefar da shi, in an ɗauko sai in ce a maida. Duk abin da na ɗinka a duniya ba wanda ya kai shi kyau, kuma na san haka, shi ne abin da ke ci na. Baƙi in sun hango shi ta gilashi sukan tambaya wa ya yi, su ce kash, jan zaren ya ɗan zuba a gefe. Sai in ce eh, ya zuba. Furanninsa suna nan, duwatsunsa ko ɗaya bai faɗi ba, ƙullin nan duk suna ciki yadda na ƙona su. Shi ban warware shi ba. Ba sauran ƙafar da zai ci.